Kafin Hajiya Ta Kira: Kundin Aikin Gadin Sabar Shagonmu

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Abin da ya faru ranar Asabar ne ya sa na buɗe wannan kundin. Ƙarfe goma da 'yan mintuna ina Kawo, a nan Kaduna, sai Hajiya mai karɓar kuɗi a babban shagonmu ta kira ni: "Malam, sistem ya tsaya, ga mutane sun cika kanta." Kafin in samu keke in ratsa cunkoson Ahmadu Bello Way, an kusa awa guda ana rubuta rasit da hannu. Wani dattijo da ya taso tun daga Rigasa neman maganin hawan jini ya gaji da tsayuwa ya tafi, domin babu wanda ya iya gaya masa ko akwai maganin a reshenmu na Barnawa. Da na duba, ashe saba, babbar kwamfutar da duk lissafinmu ke ciki, ta mutu tun ƙarfe biyun dare.

Gyaran bai ci minti goma ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne awa takwas da ta yi a kwance ba wanda ya sani, da kuma dattijon nan.

Sana'armu sayar da magunguna ce, sari da ɗai-ɗai, rassa uku. Saba ɗaya gare mu, abin da wasu ke kira uwar garke, a wani ɗan ɗaki bayan sito. Ubuntu ne a kanta, rumbun bayanan kuma PostgreSQL. Farashi, yawan kaya, ranar lalacewar kowane magani, bashin 'yan sari, duk a cikinta suke.

Yau da safe na samu Alhaji, mai shagon, a ofis. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Malam, in an yi wannan aikin ba za ta ƙara mutuwa ba ke nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, za ta mutu. Abin da nake so shi ne in riga Hajiya sani, kuma duk abin da na'ura za ta iya gyara wa kanta ta gyara ba sai na zo ba." Na yi masa lissafi a bayan takarda. Sabar da ke aiki kashi 99 cikin ɗari na shekara, ta yi kwana uku da awa goma sha biyar a kwance ke nan. In ta kai kashi 99.9, abin ya sauko zuwa awa takwas da minti 46 a shekara, wato minti 43 a wata. Asabar ɗaya ta cinye mana rabon shekara guda. Ya ce in rubuto abin da ake buƙata.

Asabar, 11 ga Janairu

Ba mu da tarihin ranakun da saba ta tsaya, amma Hajiya ta tuna mini da abin da ban yi tunaninsa ba: littattafan rasit na hannu. Ba a buɗe su sai ranar da sistem ya tsaya, kuma kowane shafi da kwanan wata a kansa. Na kwashe na bara gaba ɗaya na zauna da su, ina haɗa kowace rana da abin da kundin saba ya rubuta. Fiye da rabi wuta ce. Sai yankewar intanet, sai cikar faifai, sai zafi. Babu ko rana ɗaya da wani ɗan kutse ya shigo, alhali a kansa muka fi yawan magana.

Kan kayan sa ido, na duba Nagios, wanda ya fito tun 1999 da sunan NetSaint, na duba Zabbix na mutanen Latbiya. Dukansu za su yi. Na tsaya a kan Prometheus, wanda aka fara ginawa a kamfanin SoundCloud a 2012, da Grafana domin zana alkaluma a allo. Dalilina shi ne Prometheus yana tara awo ne a jere bisa lokaci, ba "lafiya" ko "ba lafiya" kawai yake cewa ba. Ina son ganin inda abu ya dosa tun bai ƙarasa ba.

Ban ɗora shi a kan sabar ba. In mai gadi da dukiya suna cikin akwati ɗaya, hannu ɗaya zai ɗauke su. Wata tsohuwar ƙaramar kwamfuta da ke jibge a sito na goge, na ba ta batirinta daban. Duk daƙiƙa goma sha biyar tana tambayar saba ta hanyar wani ɗan shiri mai suna node_exporter: nawa ya rage a faifai, yaya ƙwaƙwalwa, yaya zafin jiki.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na haɗa gargaɗin da Telegram, kuma mako guda ke nan ban yi barcin kirki ba. Intanet ta yi ɗan ɗif na daƙiƙa ashirin, saƙo. Ta dawo, saƙo. Ana kwafin ajiyar dare injin ya ɗauki nauyi, saƙo. Daren Talata sai na ga hannuna ya kai kan rufe ƙarar wayar, na tsaya cak. In na rufe ta, mun koma gidan jiya, sai dai yanzu da ƙarin kashe kuɗi. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, to amma kunnen da aka dama da kururuwar banza daina ji yake yi.

Na zauna na bi dokokin ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: in wannan saƙon ya tashe ni ƙarfe uku na dare, akwai abin da zan tashi in yi? Wanda amsarsa a'a ce, na mayar da shi cikin rahoton safe. Sauran kuma na sa musu sharaɗin cewa sai matsalar ta ɗore minti biyar kafin su yi magana.

Babban canjin da na yi shi ne wajen da nake awo. Da ina kallon cikin saba ne. Yanzu na sa wani shiri mai suna blackbox_exporter ya riƙa yin abin da Hajiya take yi: ya buɗe shafin shiga, ya jira amsa, ya auna tsawon jiran. Injin yana iya ɗaukar nauyi kashi casa'in amma kanta tana tafiya sumul, wannan ba abin tashin kowa ba ne. Yana kuma iya zama a sake, alkaluma duk kore, amma shafin ya ƙi buɗewa. Wannan na biyun ne ke korar masu saye.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Zanen zafi a Grafana yana hawa a hankali tun tsakiyar Janairu, alhali sanyin hunturu ake yi. Ruwa ba ya tsami banza. Ni da yaron da nake koya wa aiki muka buɗe akwatin sabar yau da babu ciniki. Jar ƙura ta yi kauri a kan ragar iska kamar an shimfiɗa bargo, fanka ɗaya tana juyi da ƙyar. Muka fitar da ita waje muka hure, muka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, muka liƙe tagar da ke kallon titi. Layin zafi ya faɗo a take. Na sa tuni na hure ta duk wata har ƙura ta wuce.

Na kuma gyara logrotate, shirin da ke rage tsofaffin kundayen saba, domin kundin manhajar shago bai taɓa shiga cikinsa ba, tun ranar da aka kafa ta yake kumbura. Gargaɗin faifai yanzu ba ya jiran kashi casa'in. Da wani lissafin Prometheus mai suna predict_linear yake duba saurin cikar, ya yi magana in ya ga faifan zai cika cikin kwana uku.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Takardar shaidar tsaron shafinmu, wadda in ta ƙare kwamfutoci ke ƙin amincewa da shafin, ta ƙungiyar Let's Encrypt ce, kwana casa'in take yi, shirin certbot kuma yana sabunta ta in saura kwana talatin. Sun sanar cewa daga 4 ga Yunin 2025 za su daina aiko da imel na tuni. Na sa gargaɗi a kwana ashirin. In ya yi ƙara, sabuntawar ta kwana goma tana faɗuwa a ɓoye ke nan.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau ranar wuta ce, kuma nan ne rabin matsalarmu take.

Tsarin da na tarar shi ne wutar layi ko janareta su shiga inbata, inbata ta ba UPS, ƙaramin akwatin batir mai riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, UPS ya ba saba. Da rana ba damuwa, akwai sola, akwai mutane. Da dare ne in an ɗauke wuta batura ke riƙewa har su ƙare, sai saba ta mutu tana tsakiyar rubutu. Baturan kuwa ba su koma yadda suke ba tun Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir ma ya samu matsala, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. A kwanakin nan kullum sai an tatse su ƙarƙaf, batirin ruwa kuwa ba ya yafe wannan. PostgreSQL yana rubuta abin da zai yi a kundi kafin ya aikata, shi ya sa yawanci yakan farfaɗo bayan mutuwar farat ɗaya. Amma ba zan jingina lissafin rassa uku a kan "yawanci" ba.

Na haɗa UPS da saba ta wayar USB, na ɗora shirin NUT. Aikinsa shi ne in ya ga UPS yana kan batir kuma batirin ya yi ƙasa, ya ce wa saba ta rufe rumbun bayanai ta kashe kanta cikin natsuwa. A BIOS kuma, wato saitin da ke tayar da na'ura kafin Ubuntu ya hau, na zaɓi cewa duk lokacin da wuta ta dawo ta tashi da kanta.

Bayan an rufe shago muka gwada. Na zare filogi, muka zauna a kan katan-katan muna kallon fitilar UPS. Ya yi ta kuka, saba ta rufe kanta tsaf. Na mayar da filogi, ta tashi. Har na fara tattara kaya sai yaron ya ce, "Oga, to in wuta ta dawo daidai lokacin da take rufe kanta fa?" Muka sake. Wannan karon ya mayar da filogi saba tana tsakiyar rufewa. Ta mutu, ta ƙi tashi. Muka jira minti goma, shiru.

Dalilin a fili yake da zarar an gan shi. BIOS yana tayar da na'ura ne in wuta ta yanke sannan ta dawo. A wannan gwajin kuwa UPS bai taɓa yanke mata wuta ba, ita ce ta kashe kanta, don haka a wajenta babu wata dawowa da za ta jira. A Kaduna kuma wuta ta dawo bayan minti biyu ta sake tafiya ba baƙon abu ba ne. Masu NUT sun san da wannan tarkon: a ƙarshen rufewa saba takan umarci UPS ya yanke wutar da yake bayarwa na ɗan lokaci sannan ya dawo da ita. Wannan ɓangaren ne ban kunna ba. Na gyara, muka gwada sau uku, duka ta tashi. Tambayar yaron nan ta fi duk abin da na karanta a makon nan amfani, kuma na gaya masa haka a gaban Alhaji.

Sai batun Baba mai gadi, wanda shi ke tayar da janareta. Na ce zan sa a riƙa turo masa saƙon waya. Ya ce, "Ɗana, wayata tana cikin aljihu, ni ina zagaye. Ka sa mini abin da zai yi ƙara." Mai gyaran wutarmu ya ja waya zuwa ɗakinsa, ya sa jar fitila da 'yar ƙararrawa. In batura sun sauka rabi, su za su kira shi.

Talata, 11 ga Maris

Azumi ya kai kwana goma sha ɗaya. Ciniki ya koma bayan la'asar da bayan asham, kanta ba ta numfashi a waɗannan lokutan.

Tun watan jiya na sa systemd, mai kula da shirye-shiryen da ke gudana a saba, ya riƙa tayar da manhajar shago in ta faɗi, da Restart=on-failure da jiran daƙiƙa biyar. Yana aiki. Sati uku Hajiya ba ta kira ba, na ɗauka lafiya lau. Jiya ina sallamar wani mai sari sai na ji ta ce wa mai saye, "Ɗan dakata, yakan yi haka, yanzu zai dawo." Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce kullum da yamma, amma tunda yana dawowa ba ta ga abin kira ba.

Na duba NRestarts, adadin tayarwar da systemd ke ƙirgawa. Manhajar tana faɗuwa kowace rana. Kundin Linux ya nuna ƙwaƙwalwa ce ke cika, shi kuma in ta cika yakan zaɓi shirin da ya fi cin wuri ya kashe. Da na bi sawu, rahoton magungunan da suka kusa lalacewa ne, wanda mai kula da sito ke buɗewa kafin ya tashi: yana kwaso tarihin kaya gaba ɗaya ya zuba a ƙwaƙwalwa, ba ya saki.

Wannan ya dame ni ƙwarai, domin ni na haɗa abin da ya ɓoye ciwon. Mu masu sayar da magani mun san mutumin da ke shan maganin zazzaɓi kullum, zafi na sauka, cutar na ci. Tayarwa ta atomatik haka take in ba a ƙirga ta. Ban cire ta ba, don daƙiƙa biyar sun fi awa guda sauƙi. Amma yanzu duk tayarwa tana shiga rahoton safe, in kuma ta kai uku a yini saƙo zai zo nan take. Na tura wa wanda ya rubuta manhajar zanen ƙwaƙwalwar da lokutan faɗuwar. Kafin ya gyara, an mayar da rahoton zuwa bayan sahur, lokacin da babu kowa a kanta. Na kuma roƙi Hajiya, ko ƙiftawa allon ya yi ta faɗa mini.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ranar Lahadi aka yi Sallah. Washegari ina gidan surukaina a Tudun Wada saƙo ya shigo daga smartd, shirin da ke duba lafiyar faifai: ɗaya daga cikin faifan saba biyu ya fara samun gurabun da ba sa karantuwa, lamba ta 197 a awon SMART, ta 5 kuma, wadda ke ƙirga gurabun da aka riga aka sauya, ta motsa. Faifan biyu madubin juna ne, abin da aka rubuta a wannan yana wancan, don haka ban bar gaisuwa na ruga ba. Jiya na sayo sabo, muka sauya bayan rufe shago, mdadm, shirin da ke kula da madubin, ya kwana yana kwafa. Babu wanda ya lura a kanta. Wannan ne karo na farko da muka riga matsala zuwa.

Madubi ba ajiya ba ne. In wani ya goge lissafin wata guda bisa kuskure, faifan biyu tare za su goge shi. Muna da kwafin rumbun bayanai da pg_dump ke yi duk dare, ɗaya a faifan waje, ɗaya ana tura shi wajen gari ta intanet, amma ban taɓa dawo da ko ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau na gwada a wata kwamfuta: na faifan waje ya dawo daidai. Na wajen gari kuwa, na ƙarshe da ya isa cikakke tun watan Fabrairu ne, turawar tana yankewa a tsakiya ba ta faɗa wa kowa. Na koma restic, wanda ke tura abin da ya canja kawai. Sannan na sa kowace Lahadi na'ura ta dawo da kwafin da kanta a wani rumbun gwaji, ta ƙirga rasit ɗin ranar ƙarshe, ta gwada da na gaskiya. In ba su yi daidai ba, ko kuma gwajin bai gudana ba sam, zan ji.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Zafin bazara ya kai maƙura. Abin da masana ke so ga irin wannan ɗakin shi ne digiri 18 zuwa 27, mu kuwa da rana in esi ya tsaya muna haura wannan nesa. Batirin ruwa ma zafi na rage masa kwana. Na sa ma'aunin zafi a ɗakin, mun kuma buɗe ƙofar iska ta sama da 'yar fanka mai aiki da sola.

Kan sabunta manhajoji na daɗe ina jinkiri. Ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawa ɗaya daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Barin saba ba facin da ke toshe ɓarakar tsaro kuma shi ma buɗe ƙofa ne. Na tsaya a tsakiya: unattended-upgrades zai ɗora facin tsaro kaɗai, a kan ƙaramar kwamfutar tukuna, saba kuma bayan kwana biyu. In ana buƙatar sake tayarwa, sai daren Lahadi, bayan kwafin ajiya ya kammala. Babban sauyi na PostgreSQL ko na manhajar shago, da hannuna kuma ina zaune a gabanta.

Saura tambayar wa ke gadin mai gadi. In intanet ɗin shago ta yanke, ƙaramar kwamfutar ba ta da bakin faɗa mini, shirun kuma zai yi kama da lafiya. Yanzu duk minti ɗaya tana aika "ina nan" zuwa Healthchecks, wani shafin sa ido da ke waje. In aka yi minti biyar ba a ji ta ba, su ne za su neme ni. Rauta kuma mun sa mata layi biyu na kamfanoni daban, tana sauyawa da kanta. Na san iyakar wannan: ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, layuka da yawa tare suka yi rauni. Babban shago dai yana iya sayarwa ko babu intanet tunda saba tana cikinsa. Rassan ne ke tsayawa.

Laraba, 14 ga Mayu

Daren jiya aka yi ruwa da iska mai ƙarfi. Da asuba na karanta abin da ya faru a jere. Ƙarfe 11:52 wuta ta tafi. Wajen ɗaya da rabi batura suka sauka rabi, ƙararrawar Baba ta yi ƙara. Ya fita cikin ruwan, janareta ya ƙi tashi, ruwa ya shiga. Ƙarfe 3:07 UPS ya ce batirinsa ya yi ƙasa, saba ta rufe kanta, saƙo ɗaya ya shigo wayata. Na karanta, na ga babu abin da zuwana zai ƙara, na kwanta. Ƙarfe 5:40 wuta ta dawo, ta tashi, shafin shiga ya amsa, saƙo na biyu ya shigo.

Ƙarfe takwas saura na isa shago. Baba yana shanya rigarsa a kan igiya, ya ce, "Ɗana, na yi iya yina, injin ne ya ƙi." Na ce na gani, Baba, sannu da ƙoƙari. Hajiya ta zo ta kunna kwamfutarta ta fara sallamar mutane. Littafin rasit na hannu yana cikin durowa, shafin ƙarshe da aka rubuta na watan Janairu ne.

Kwafin wajen gari na daren jiya bai tafi ba, na tura shi da hannu, na kuma sa ya riƙa sake gwadawa da zarar saba ta tashi. Janareta yana buƙatar rumfa kafin damina ta kankama, mai walda zai zo Asabar. Mai gyaran wuta zai duba wayar ƙasa da abin kare tsawa. Kuɗin sababbin batura yana teburin Alhaji. Yaron kuma daga mako mai zuwa saƙonnin dare za su riƙa shiga wayarsa tare da tawa, mako ɗaya shi, mako ɗaya ni.